Idan Kujera Ta Suɓuce: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Manya Ke Fuskantar Jarrabawar Ba-Zata

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda suka taɓa riƙe wani abu babba, ko muƙami ko kasuwa ko suna, sannan aka wayi gari abin ya kuɓuce ko yana neman kuɓucewa. An sa wa kowace lamba domin a iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Wace irin jarrabawa ake magana a kai?

Wadda ba ta sallama kafin ta shigo. Juyin mulki, tsigewa, tuɓe rawani, dakatarwa daga aiki, faɗuwa zaɓen da ake ganin an gama ci, karayar arziki, zargin da ya ɓata suna, ciwon da likita ya gano a gwajin da aka je yi don cika ƙa'ida kawai, ko mutuwar makusanci a tsakiyar aiki. Ritayar da mutum ya san ranarta tun da shekaru ba ta cikin wannan lissafi, ko da yake ita ma tana da nata ɗacin. Abin da ya haɗa waɗancan duka shi ne mutum ya kwanta yana ba da umarni, ya tashi ana yanke hukunci a kansa ba tare da an tambaye shi ba.

2. Shin shugabanni da waɗanda suka yi fice sun fi sauran mutane ƙarfin zuciya ne?

Ba lallai ba. Abin da suka fi saura da shi a mafi yawan lokuta shi ne iko a kan al'amuransu. A 1967 aka fara wani dogon bincike kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya kusan 18,000, wanda daga baya sunan Michael Marmot ya shahara da shi. Mutane sun ɗauka manyan jami'ai ne damuwa za ta fi kashewa, sai aka ga akasin haka: masinjoji da masu gadin ƙofa sun ninka manyan daraktoci kusan sau uku wajen yawan mutuwa a shekarun da aka bibiye su. Ɗaya daga cikin dalilan da masu binciken suka tsaya a kai shi ne na ƙasa ba shi da ta cewa a kan aikinsa.

Wannan ne ya sa faɗuwar babba take da zafi na musamman. Abin da ke kare shi, wato ikon cewa a yi ko a bari, shi ne abu na farko da ake ƙwacewa. Mutumin da ya shekara goma bai tsaya layin banki ba, bai nemi izinin kowa ba, ranar da aka sauke shi yakan fi ƙaramin ma'aikaci ruɗewa, don shi ƙaramin ya saba. Waɗanda suka tsallake irin wannan hali galibi sun tsallake ne da abubuwan da suka tanada tun kafin ranar: ilimi ko sana'ar da ba ta rataye a kan kujera ba, 'yan mutane ƙalilan na gaskiya, da ɗan abin hannu. Amsoshi na 4, 7 da 8 sun ɗauki waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

3. Labari ya iso mini yanzun nan. Me ya kamata in yi a kwanakin farko?

Ka rage magana. Yawancin ɓarnar da ba ta gyaruwa a waɗannan kwanaki ake yin ta: hira da ɗan jarida cikin fushi, rubutu a Facebook da tsakar dare, saƙon murya a WhatsApp da aka tura wa mutum ɗaya, kafin asuba ya zagaye gari. Annabi (SAW) ya ce haƙuri yana wurin bugun farko, kuma Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi.

Janar Yakubu Gowon yana zaune a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala ranar 29 ga Yuli 1975 aka raɗa masa cewa an hamɓarar da gwamnatinsa, bayan shekara tara a kan mulki. Da ya fito gaban 'yan jarida, bai kira sojojin da ke masa biyayya su yi faɗa ba. Ya karɓi abin da ya faru, ya nemi a mara wa sabuwar gwamnati baya. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, da gwamnatin Abdullahi Ganduje ta tuɓe shi ranar 9 ga Maris 2020, ya fitar da gajeren saƙon bidiyo yana cewa ya karɓi ƙaddara, yana kuma roƙon jama'a su zauna lafiya. Goodluck Jonathan ya buga wa Muhammadu Buhari waya ranar 31 ga Maris 2015 tun kafin hukumar zaɓe ta kammala sanarwa. Mutum na iya saɓa wa kowanne daga cikinsu a kan abubuwa da yawa, amma ba wanda ya rufe wa kansa ƙofar gobe a ranar farko.

Ban da riƙe baki, akwai ayyuka ƙanana da ba su da armashi amma suna da amfani. Tattara takardunka: takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma, ta dakatarwa, rasitai. Rubuta bayanin miƙa aiki a tsanake, ka ajiye kwafi da sa hannun wanda ya karɓa. Mayar da motar ofis da makullai kafin a aiko karɓa. Kada ka sa hannu a wata takardar ajiye aiki ko yarjejeniya sai lauya ya karanta.

4. Me ya sa wayata ta yi tsit, ƙofar gidana ta zama fayau?

Duk wanda ya zauna kusa da gidan kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma ya ga yadda abin ke tafiya. Makon farko ana zuwa jaje, tabarmi ba sa isa. Mako na biyu motoci sun ragu, an janye ɗan sandan da ke bakin ƙofa. Kafin wata ya cika, mai shayin da ya kafa teburinsa saboda jama'ar gidan ya kwashe kayansa ya koma layin wanda aka naɗa. Wayar da sai an ba yaro ya riƙa amsawa, yanzu maigidan da kansa yake dubawa ko caji ne ya ƙare.

Kada ka ɗauki wannan a matsayin cin amana daga kowa. Da yawa dama wurin kujerar suke zuwa, kuma sun bi ta inda ta koma. Wasu kuma tsoro suke ji kada a gan su da kai su rasa abincinsu, wasu ba su san me za su ce maka ba. Kuskuren da ake yi shi ne a zauna ana ƙirga waɗanda ba su zo ba, har a ƙosa waɗanda suka zo da ƙorafi. Su ɗin nan da suka rage, sau da yawa abokan makaranta ne ko na ƙuruciya waɗanda 'yan fadanci suka tare wa hanya lokacin da kake sama. Da su ake sake gini.

5. An zalunce ni. In kai ƙara ko in bar wa Allah?

Raba abin gida biyu: me ya tafi ba zai dawo ta hanyar kotu ba, me kuma haƙƙinka ne da doka ta tsare. Misalin Sarki Sanusi ya fito da wannan sarai. Bayan tuɓe shi an kai shi Loko, daga nan Awe a jihar Nasarawa. Lauyoyinsa ba su garzaya kotu a kan a mayar masa da rawani ba, sun je ne a kan tsarewa da korar da aka yi masa daga Kano. Ranar 13 ga Maris, kwana huɗu kacal, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin a sake shi, ya wuce Legas. A Nuwamba 2021 kotun ta yanke cewa korar ta saɓa wa tsarin mulki. Kakansa Sarki Muhammadu Sanusi I, da ya bar gadon sarauta a 1963, ya daɗe a Azare ba tare da irin wannan dama ba.

Ga ma'aikaci a Najeriya, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraren rikicin kora da haƙƙoƙin aiki. A Nijar akan fara ne daga ofishin sufeton ƙwadago. Wasu ƙararraki suna da wa'adin shigarwa, don haka ganin lauya da wuri ba rashin tawakkali ba ne. Sai dai ka tambayi kanka tsakani da Allah: haƙƙina nake nema ko so nake in ga wane ya wulaƙanta? Shari'ar neman haƙƙi tana da ranar ƙarewa. Ta huce haushi takan cinye shekaru da dukiya, mutum ya ci gaba da zama a ofishin da ya bari tuntuni, a cikin zuciyarsa.

6. Idan na yi kuka ko na kasa barci, imanina ne ya yi rauni?

A'a. Lokacin da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah, ba jin zafi ba. Idan rashin barcin ya zarce, duba amsa ta 10.

7. Me waɗanda suka farfaɗo suka yi da lokacin da ya faɗo musu a hannu?

Abin mamaki, da yawansu makaranta suka koma. Gowon, yana da shekara 40, ya shiga Jami'ar Warwick a Ingila a matsayin ɗalibin digirin farko a kimiyyar siyasa. Hotonsa riƙe da tire a layin cin abinci na ɗalibai ya tayar da ƙura a Najeriya, wasu suna ganin abin kunya ne ga ƙasa. Shi kuwa ya ci gaba da karatunsa, duk da cewa a 1976 an alaƙanta shi da yunƙurin juyin mulkin Dimka, aka kuma cire masa muƙaminsa na soja. Shugaba Shehu Shagari ya yi masa afuwa, ya kammala digirin digirgir, daga baya ya yi aiki tare da tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter wajen yaƙi da kurkunu a karkarar Najeriya. Sarki Sanusi ya yi amfani da shekarun da ya yi a waje ya yi digirin digirgir a fannin shari'ar Musulunci a Jami'ar Landan. Nuhu Ribadu, da aka cire shi daga EFCC a ƙarshen 2007, aka rage masa girma, aka kore shi daga aikin ɗan sanda, ya zauna a cibiyoyin bincike a Oxford da Washington kafin ya dawo gida a 2010.

Ko a kurkuku haka abin yake. Nelson Mandela ya kammala digirin lauya ta hanyar wasiƙa yana tsare, ya koyi harshen Afirkans na masu gadinsa, kuma a gidan yarin Pollsmoor ya yi lambu a saman rufi cikin durom-durom da aka raba biyu aka cika da ƙasa. Ana ruwaito cewa Imam Sarakhsi, babban malamin mazhabar Hanafiyya, yana tsare a Uzgand ya riƙa yi wa ɗalibansa shiftar littafinsa Al-Mabsut, wanda a bugun yau ya kai juzu'i 30.

A ganina ba takardar shaidar ce ta cece su ba. Karatu da lambu da rubutu suna ba mutum dalilin tashi da safe, suna ba shi wurin da ƙoƙarinsa ke haifar da sakamako ba tare da sa hannun wanda ya sauke shi ba. Gona ma tana yin wannan aiki, haka haddar Alƙur'ani, haka koyarwa. Abin gudu shi ne zaman majalisa daga hantsi zuwa magariba ana maimaita labarin yadda aka yi maka.

8. Batun kuɗi fa? Ba a cika faɗinsa a irin waɗannan labarai ba.

Gaskiya ne, kuma rashin faɗinsa yaudara ce. Ana yawan ba da labarin Steve Jobs, yadda aka raba shi da ragamar Apple a 1985 ya dawo a 1997. Abin da ba a cika ƙarawa ba shi ne ya fita da hannun jari na miliyoyin daloli, wanda ya ba shi damar kafa kamfanin kwamfuta na NeXT da sayen kamfanin da ya zama Pixar mai shirya fina-finan zane, ya kuma jure shekaru ana asara. Daraktan da aka sallama yana da 'ya'ya shida a makarantun kuɗi ba irin wannan numfashi yake da shi ba.

Don haka a rage kashe kuɗi tun a watan farko, ba sai asusu ya nuna ƙasa ba. Nauyin da ya fi karya manya a ƙasar Hausa ba na cikin gida ba ne, na waje ne: buhunan azumi, ragunan layya na rabo, gudummawar kowane biki, kuɗin mota ga duk wanda ya zo gaisuwa. Mutum yakan sayar da fili don kada a ce ya karye, alhali kowa ya riga ya sani. A Najeriya, dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, damar cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusun fanshonsa. A yi hattara da masu zuwa da shawarar kasuwanci a wannan lokaci. Wanda bai taɓa kiwon kaji ba ya zuba giratutinsa duka a gidan gona saboda wani ya zana masa riba a takarda, ya shiga jarrabawa ta biyu.

9. Likita ya gano mini ciwo mai tsanani ina kan aiki. In ɓoye ko in bayyana?

Sirrin jikinka naka ne, amma aikin ba naka ba ne kai kaɗai. Najeriya ta ga bambancin. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka fita da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa zuwa Jidda ba tare da an aika wa Majalisar Dokoki takardar miƙa ragama ba. Ƙasa ta zauna fiye da wata biyu ba a san wa ke riƙe da ita ba, har majalisa ta ayyana Jonathan muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairu 2010. Sanadin haka aka gyara sashe na 145 na tsarin mulki, aka sa wa'adin kwana 21. A 2017 Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan. Bai taɓa faɗin ciwon da ke damunsa ba, kuma an soke shi a kan haka, amma ya aika takarda, Yemi Osinbajo ya riƙe. Ko a shago ko makaranta, abin da ake buƙata ke nan: wa zai sa hannu, wa zai biya ma'aikata, wa ya san inda takardu suke.

Ta ɓangaren shi mai ciwon, labarin Nwankwo Kanu yana da amfani. Yana da shekara 20, ya dawo da zinaren Olamfik na Atlanta a 1996, Inter Milan ta saye shi, sai gwajin lafiyar kulob ɗin ya nuna matsala a bawul ɗin zuciyarsa. Da yawa sun ɗauka ƙwallo ta ƙare masa. Aka yi masa tiyata a Cleveland ta Amurka, ya yi watanni yana jinya, ya bi ƙa'idar likitoci. A 1999 ya koma Arsenal, ya zura wa Chelsea ƙwallo uku a minti goma sha biyar na ƙarshe, ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. A 2000 ya kafa gidauniyar da ke ɗaukar nauyin tiyatar zuciya ga yara.

10. Yaushe damuwa take zama ciwon da sai an ga likita?

Idan mako biyu ko fiye suka wuce kana cikin ƙunci kusan kullum, abin da kake jin daɗinsa da ya fita ranka, barci ya lalace, abinci ba ya shiga, ka daina fita masallaci ko cikin mutane, to lokaci ya yi. Idan kuwa tunanin cewa gara mutuwa ya fara zuwa, kada a jira ko kwana ɗaya: a faɗa wa makusanci, a tafi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. A kula da ƙwayoyin barci da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, don nan ne manya da yawa suke zamewa a ɓoye.

Masu jin cewa wannan zai zubar musu da girma su dubi Kjell Magne Bondevik, tsohon firaministan Norway. A 1998, yana kan kujerar, ya fito fili ya ce ciwon damuwa ya kama shi, ya ɗauki hutun makonni uku da 'yan kwanaki, ya koma aiki. A 2001 ya sake zama firaminista, ya riƙe har 2005.

11. Yaya ake yi da iyali? Kuma idan su aka taɓa saboda aikina fa?

Ka faɗa wa maiɗakinka ko maigidanki da bakinka kafin su ji a rediyo. Yara ma a gaya musu daidai hankalinsu, musamman idan za a canja makaranta ko gida, don abin da ba a faɗa musu ba za su ji shi a bakin 'yan ajinsu a mummunar siga. Mutumin da ya saba ba da umarni a ofis, idan ya dawo gida ya zauna, yakan fara binciken tukunya da kuɗin cefane, gidan ya yi wa kowa zafi. Wannan ma dalili ne na neman abin yi, kamar yadda aka faɗa a amsa ta 7.

Wani lokaci kuma iyalin ake bi don a karya mai muƙami. A Disamba 2012 aka sace mahaifiyar Ngozi Okonjo-Iweala, dattijuwa mai fiye da shekara 80, a Ogwashi-Uku ta jihar Delta, lokacin ɗiyar tana ministar kuɗi. Ta bayyana daga baya cewa masu garkuwar sun nemi ta fito ta sanar da murabus, kuma ta danganta abin da tsayawar da ta yi a kan biyan kuɗin tallafin mai na bogi. Ba ta sauka ba, aka sako mahaifiyar bayan kwana biyar. Ba zan ce kowa ya yi yadda ta yi ba. Wanda ya zaɓi ya ajiye aiki don tsare iyalinsa bai yi abin kunya ba.

12. Na faɗi sau biyu, sau uku. Naci ne ya dace ko haƙura?

Ana son kawo Buhari a nan: ya faɗi zaɓen shugaban ƙasa a 2003, 2007 da 2011, ya ci a 2015. Amma a duba abin da ya canja. A 2011 ya sami ƙuri'a kimanin miliyan 12, kusan duka daga Arewa, Jonathan ya sami fiye da miliyan 22. Da ya sake fitowa a jam'iyyar CPC shi kaɗai, da wuya sakamakon ya bambanta. Haɗakar da ta haifi APC a 2013 ce ta kawo masa Kudu maso Yamma, ya kai fiye da miliyan 15. A Nijar, Mahamadou Issoufou ya nema a 1993, 1996, 1999 da 2004 kafin ya ci a 2011, kuma shi ma sai da ƙawancen zagaye na biyu ya juya gare shi. Naci ya yi aiki ne a inda aka gano dalilin faɗuwa aka gyara shi.

A kasuwanci Aliko Dangote ya nuna fuska biyu na abin. Masaƙu ya shiga, bai ji da daɗi ba, ya fita. Kamfanin tumatirinsa na Kadawa a jihar Kano, da aka buɗe a 2016 don sarrafa tan 1,200 a rana, ya sha rufewa saboda ƙarancin tumatir, har da ɓarnar ƙwaron da ya cinye gonaki a shekarar. Matatar mai ta Lekki kuwa, mai ganga 650,000 a rana, ta wuce wa'adinta da shekaru, kuɗinta ya ninka ya kai wajen dala biliyan 20, amma bai sake ta ba har ta fara aiki a 2024. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: me zan yi dabam a wannan karon, kuma idan na sake faɗi, me zai rage wa iyalina? Idan amsar farko babu, ta biyu ma babu, haƙura ba ragwanci ba ne.

13. Gaskiya ne faɗuwa tana ƙara wa mutum ƙarfi?

Ga wasu. A 2019 masu bincike a Jami'ar Northwestern ta Amurka sun kwatanta matasan masana kimiyya da suka sami tallafin bincike da ƙyar da waɗanda suka rasa shi da ƙiris. Bayan shekaru, waɗanda suka rasa kuma suka ci gaba sun fi takwarorinsu fitar da ayyukan da suka yi tasiri. Amma binciken ya nuna rashin ya sa wani kaso ya bar fagen gaba ɗaya. Duk wanda ya kawo maka rabin farko ya bar na biyu bai gaya maka duka ba. Duba amsa ta 15.

14. Ba a kore ni ba, an dai mayar da ni gefe, an ɗora na ƙasa da ni. In zauna?

Wannan ya fi kora ciwo a wurin wasu, don kullum sai ka gaida wanda da shi ke gaishe ka. Khalid bin Walid yana kan ganiyar nasara a Sham Halifa Umar ya sauke shi daga jagorancin runduna ya ɗora Abu Ubaida. Khalid ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashinsa, Abu Ubaida kuma bai daina neman shawararsa ba. Abu biyu ne suka sa hakan ya yiwu: wanda aka sauke bai yi zagon ƙasa ba, wanda aka ɗora bai wulaƙanta shi ba. Idan kana iya yin aikinka da gaskiya a sabon matsayin, zauna, don gwamnatoci da shugabannin ma'aikatu suna canjawa. Idan ka lura ka fara jin daɗi duk lokacin da aiki ya lalace, ko ana neman ka sa hannu a abin da zai kai ka gaban hukuma gobe, fara neman mafita cikin mutunci.

15. Kowa ne yake dawowa?

A'a, kuma jerin waɗanda suka dawo yana rufe mana ido. Gwamnatin Abacha ta ɗaure Olusegun Obasanjo da Shehu Musa 'Yar'aduwa a 1995 a kan zargi ɗaya. Obasanjo ya fito a Yuni 1998, ya zama shugaban ƙasa a 1999. Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disamba 1997. MKO Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998, wata ɗaya bayan mutuwar wanda ya tsare shi. Ba wanda zai ce Obasanjo ya fi su juriya ne. Diori Hamani na Nijar ya rasa mulki da matarsa Aisa a dare ɗaya a Afrilu 1974, ya yi shekaru a tsare da ɗaurin talala, ya rasu a Rabat a 1989. Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, da aka tuɓe a 1996 aka kai shi Zing, bai koma gadon sarauta ba har rasuwarsa a 2016.

Komawa kujera ma ba shi ne kaɗai ma'aunin tsallakewa ba. Shagari, bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983 da tsarewar da ta biyo baya, bai sake neman muƙamin siyasa ba. Ya rayu shekara 35 bayan haka, ya rubuta tarihin rayuwarsa, ana zuwa wurinsa neman shawara. Balarabe Musa, da majalisar Kaduna ta tsige a 1981, ya koma gonarsa da jam'iyyarsa ta PRP, ya ci gaba da faɗin ra'ayinsa har ƙarshen rayuwarsa. Ita kuma dawowar ba kullum take zuwa da kwanciyar hankali ba: an mayar da Sarki Sanusi a Mayu 2024, amma dawowar ta buɗe sabuwar shari'a tsakanin ɓangarensa da na Sarki Aminu Ado Bayero.

16. Ba ni abin ya sama ba, aminina ne. Ta yaya zan taimaka masa?

Ka je da ƙafarka, kada ka tsaya a saƙon waya. Lokacin da aka kai Sanusi Awe, Nasir El-Rufai, yana gwamnan Kaduna, ya ba shi muƙamai biyu a jiharsa cikin kwanaki, sannan ya tafi har Awe ya fito da shi a ranar da kotu ta ba da umarni. Ba kowa ke da ikon gwamna ba, amma kowa yana iya zuwa a ranar da wasu ke tsoron a gan su.

Idan ka je, kada ka kai masa rahoton abin da wane ya ce a kansa, kada ka yi ta zuga shi ya ɗauki fansa, kada kuma ka buɗe masa wa'azin haƙuri kamar bai taɓa jin sa ba. "Alhaji, ya muka ji da wannan abu? Allah Ya sa haka ne mafi alheri" ya isa, sauran ka bar shi ya yi magana in yana so. Maimakon "in da wani abu ka faɗa mini", wanda babban mutum ba zai taɓa amsawa ba, ka ɗauki abu guda ka yi: haɗa shi da lauya nagari, biya kuɗin makarantar yaro ɗaya kai tsaye ba tare da ka bi ta hannunsa ba, ka ambaci sunansa inda ake neman mai irin ƙwarewarsa. Sannan ka sake komawa bayan wata uku, lokacin da 'yan jaje sun ɗauke ƙafa. Idan a wannan zuwan ka ga alamun da aka lissafa a amsa ta 10, ka yi magana da iyalinsa, ka kuma raka shi wurin likita da kanka.